Ta yaya tallan da ke raina mata ko al'adar mutane yake wucewa har ya fito a talabijin?

Tambaya: Ni malamar makaranta ce. Kullum muna gardama da yayana a kan tallace-tallacen talabijin. Ni ina ganin da yawansu suna ƙasƙantar da mace, wasu kuma suna yi wa addini ko launin fatar mutane izgili. Shi kuwa cewa yake talla duniya yake nunawa yadda take, kuma mutanen yanzu sun cika ƙorafi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, kamfanonin nan suna da kuɗi da ƙwararru, ta yaya irin wannan yake wuce su? Kuma ƙorafin mai kallo yana da wani tasiri kuwa?

Amsa: Malama, bari in fara ba yayanki gaskiyarsa inda yake da ita. Ba duk ihun da aka yi wa talla ne yake bisa hujja ba, kuma zan zo kan wannan. Amma maganar cewa talla duniya yake nunawa yadda take, duk wanda ya taɓa zama a ɗakin da ake tsara talla ya san ba ta da tushe. Aikina ke nan shekara da shekaru, rubuta labarin talla da duba shi kafin a miƙa wa gidan talabijin, saboda haka daga can ciki zan ba ki amsa.

Kamfani mai haja shi ke fara rubuto takardar buƙata: ga wanda muke so ya saya, ga shekarunsa, ga abin da muke so ya ji a ransa. Kamfanin talla ya miƙa wa marubuci da mai tsara hoto, su fito da labari, a zana shi filla-filla, hoto bayan hoto, tun kafin a kunna kyamara. Sannan a fitar da takardar neman 'yan wasa, inda ake rubuta shekarun matar da ake so, da tsayinta, da ƙirar jikinta, sau da yawa har da hasken fatarta. Wa zai riƙe tsumman goge tebur, wa zai riƙe sitiyari, muryar wa za a ji a ƙarshe tana cewa a je a saya, duk sai an zauna an yanke an sa hannu. Dalili kuwa kuɗi. A Amurka, sakan 30 a lokacin wasan ƙarshe na gasar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, wato Super Bowl, ya kai dala miliyan 7 a 2023. Mai biyan irin wannan kuɗi ba ya barin ko kofin da ke kan tebur ya shiga hoto bisa tsautsayi.

To me ya sa ake ta komawa kan tsohon zubi? Ƙarancin lokaci. A fim ana da awa biyu a nuna mana ko wace ce wannan matar. A talla sakan biyu ko uku ake da su mai kallo ya gane wa yake gani, domin sauran lokacin na haja ne. Mafi sauƙi shi ne a ɗauko hoton da ya riga ya zauna a kan mutane: mace a gaban kwanuka, namiji a bayan babban teburin ofis, baƙo daga wata nahiya sanye da kayan gargajiyarsu yana magana da bahagon harshe. Marubucin bai tashi da niyyar cin fuskar kowa ba. Gajeriyar hanya ya bi, wanda ya koya masa aiki ma ita ya bi.

Zubin nan ya girmi talabijin ɗin kanta. Tun 1933 kamfanin Procter & Gamble yake ɗaukar nauyin wasan kwaikwayon rediyo na rana a Amurka don sayar wa matan gida garin sabulu. Da talabijin ta zo sai aka kwaso tsarin ɗungurungum: mace tana cikin tashin hankali saboda tabo ya ƙi fita, sai muryar namiji daga bayan fage, ko wani mai farar riga irin ta masana, ya kawo mata mafita. A 1975 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, McArthur da Resko, suka zauna suka tantance tallace-tallacen talabijin na Amurka. Sun tarar maza ne galibi masu bayani da kafa hujja, mata kuma masu amfani da kayan, kuma an fi nuna mace ta fuskar dangantakarta da wani, matar wane ko uwar wane. An maimaita irin wannan ƙidaya a ƙasashe da dama daga baya, sakamakon bai yi wa juna nisa ba.

A cikin shekarun 1970 ɗin nan dai, masanin zamantakewa Erving Goffman ya tara ɗaruruwan hotunan talla na mujallu, ya lura da abin da ido yake wucewa. Namiji yana tsaye, mace tana kishingiɗe ko ta karkatar da kai. Namiji yana damƙar abu, mace tana shafa shi da kan yatsu. Namiji yana duban abin da ake yi, mace tana kallon wani wuri can kamar hankalinta ya tafi. Idan kina son cin gardamarki da yayanki ba tare da dogon surutu ba, ku kashe sautin talabijin idan an zo talla, ku zuba ido ku ga wa ke tsaye, wa ke nuna wa wani yadda ake yi, kuma ɓangaren jikin wa kyamara take tsayawa a kai.

Masu sana'ar da kansu sun amsa laifin. A 2016 kamfanin Unilever, wanda yake cikin mafiya kashe kuɗin talla a duniya, ya fitar da bincikensa: kashi 40 cikin 100 na matan da aka tambaya sun ce ba sa ganin kansu a cikin matan talla, kuma kashi 3 cikin 100 ne kacal na tallace-tallacen da aka duba suka nuna mace a matsayi na jagoranci. Shekara guda bayan nan aka kafa ƙawancen manyan kamfanoni tare da hukumar mata ta Majalisar Ɗinkin Duniya don yaƙar wannan ɗabi'a.

Ki gaya wa yayanki shi ma bai tsira ba. Da aka fara jin kunyar nuna mace a matsayin mai wanki kawai, sai wasu suka yi gudun gara suka faɗa gidan zago, aka ƙirƙiro uba dolo, wanda idan an bar shi da jariri na awa ɗaya gidan ya hargitse. A 2012 kamfanin Huggies ya yi tallan da ya ce ya sa ƙunzugunsa gwaji mafi tsanani, wato a bar jarirai a hannun iyayensu maza. Iyaye maza a Amurka suka tara sa hannu na ƙorafi, kamfanin ya sauya tallan. Ba'ar tana kan namiji, amma saƙon bai sauya ba: raino aikin mace ne ita kaɗai, tunda shi ba zai iya ba.

Batun nuna tsiraici kuwa, mutanen sana'armu sun daɗe suna faɗa wa juna cewa yana sayar da kaya, kamar wani karatun da ba a musu. A 2015 wasu masu bincike biyu, Lull da Bushman, suka tattara gwaje-gwaje 53 da aka yi a kan haka, suka ga bai ƙara wa mutane niyyar saye ba, hasali ma an fi ganin ƙimar hajar ta ragu idan tallan ya cika batsa. Ido yana tsayawa, amma ba a kan sunan kamfanin ba.

Cin fuskar al'ada kuma ta wata ƙofa yake shigowa. Yin talla ɗaya a watsa shi a ƙasa ashirin ya fi arha a kan yin ashirin, don haka ake tsara shi a babban ofis a aika wa rassa su sauya murya kawai. Waɗanda suka tsara shi kuma yawanci makaranta iri ɗaya suka yi, birni ɗaya suke zaune, abin dariyarsu ɗaya. Abin da yake da tsarki ko ciwo a wurin wasu, a wurinsu ado ne mai ɗaukar ido. A 2004 hukumar kula da gidajen talabijin ta Sin ta haramta tallan Nike inda ɗan wasan kwallon kwando LeBron James yake kayar da wani tsohon malamin kunfu da dodannin nan da Sinawa suke ɗauka alamar ƙasarsu. A 2017 ƙungiyar masu kiwo da sayar da nama ta Ostireliya ta yi tallan naman rago, ta zaunar da abubuwan bautar addinai daban-daban a teburin cin abinci ɗaya, ciki har da Ganesha, wanda mabiya addinin Hindu suke ɗauka ba ya cin nama. Sai da ofishin jakadancin Indiya ya kai ƙara a hukumance. A shekarar nan dai Pepsi ya nuna shahararriyar mai tallan kayan sawa Kendall Jenner ta shiga zanga-zanga ta miƙa wa ɗan sanda gwangwanin lemo, nan take rikici ya koma shewa, a lokacin da baƙaƙen fatar Amurka suke kan titi saboda kisan da 'yan sanda suke yi musu. Kwana ɗaya tallan ya yi aka janye shi. Bernice King, 'yar Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙaƙen fatar Amurka, ta sa hoton mahaifinta 'yan sanda suna tura shi, ta rubuta cewa ina ma Baba ya san ƙarfin Pepsi.

Tambayarki ita ce ta yaya babu wanda ya gani. Sau da yawa akwai wanda ya gani. Matsalar ita ce wa ya gani, kuma yaushe. Wanda abin zai sosa wa rai, idan ma yana ɗakin, yawanci ƙaramin ma'aikaci ne, kuma ra'ayin na oga ne ko na kamfanin da ke biyan kuɗi. Idan an gwada tallan a gaban zaɓaɓɓun masu kallo, tambayar da ake yi musu ita ce ko sun tuna sunan hajar, ko za su saya. Lauyoyi suna dubawa, amma su abin da zai kai kamfani kotu suke nema, kamar ƙarya a kan ingancin kaya. Lokacin da wani mai iko zai ji wani abu ya tsaya masa a rai, an riga an ɗauki hoto, an biya 'yan wasa, an sayi lokaci a gidajen talabijin. Duk wanda ya ce a tsaya a nan, asarar miliyoyi yake kira, kuma ba kowa ke da wannan ƙarfin hali ba. Tallan Pepsi ɗin can ma sashen cikin gida na kamfanin ne ya yi shi, babu wani na waje da zai ce musu a'a.

Wani lokaci kuma almakashi ne ke ɓata abu. A 2017 Dove ya yi tallan sabulun wanka na sakan 30 da mata bakwai masu launi daban-daban. Da aka yanke shi zuwa sakan uku don Facebook, sai aka ga baƙar mace ta tuɓe riga ta koma farar mace. Ita matar, Lola Ogunyemi, ta fito ta ce cikakken tallan ba haka yake nufi ba. Na yarda da ita. Sai dai a ƙarshen ƙarni na 19 masu sabulun Pears sun yi ta buga hoton baƙin yaro da aka wanke ya koma fari, kuma duk mai sayar da sabulu wajibi ne ya san wannan tarihi, domin waɗanda aka yi wa ba su manta ba.

Inda raina mace da raina launi suka haɗu a wuri ɗaya, nan ne maganar yayanki take rushewa gaba ɗaya. A 1975 aka fito da man shafawa na Fair & Lovely a Indiya. Ɗaya daga cikin tallace-tallacensa na farkon shekarun 2000 ya nuna uba yana takaicin bai haifi ɗa namiji da zai tallafe shi ba, 'yarsa mai duhun fata kuma ba ta samun abin kirki. Sai ta shafa man, ta yi haske, ta samu aikin ma'aikaciyar jirgin sama, ta kai mahaifinta babban otal. Ƙungiyoyin mata suka tashi tsaye, aka janye shi a 2003. Hujjar masu irin wannan talla kullum ita ce ba su suka ƙirƙiro son farar fata ba, sun tarar da shi. Gaskiya ne sun tarar da shi. Amma cinikinsu ya dogara ne a kan kada ya gushe. Ranar da yarinya mai duhun fata ta daina jin akwai abin gyara a jikinta, kasuwar ta mutu. Saboda haka ake biyan kuɗi a tuna mata kowane dare, tsakanin labarai da wasan kwaikwayo, shekara arba'in da ɗoriya. Madubi abin da ke gabansa yake nunawa, ba ya zaɓe, ba ya maimaitawa, kuma ba ya cin riba. A 2014 hukumar sa ido kan talla ta Indiya ta hana nuna mai duhun fata a matsayin wanda ya rasa aiki ko aure saboda launinsa, a 2020 kuma kamfanin ya sauya sunan man zuwa Glow & Lovely.

Wannan shi ne abin da masanin sadarwa George Gerbner ya yi shekaru yana nunawa game da talabijin: illar ba ta cikin shiri guda, tana cikin yau da gobe. Talla ɗaya da ya nuna mace tana wanki ba laifi ba ne, ai mata suna wanki. Ɗalibarki da ta taso ta ga dubu irinsa, ba ta taɓa ganin mace tana bayanin yadda inji ke aiki ba, ita ce abin dubawa.

Yanzu ga inda yayanki yake da gaskiya, kuma nan ne wurin da ya fi wuya. A 2013 kamfanin General Mills ya yi tallan abincin karin kumallo na Cheerios da ya nuna iyali, uwa fara, uba baƙi, da 'yarsu. Masu wariyar launi suka yi ta zagi har kamfanin ya rufe wurin sharhi a YouTube, amma ya ƙi janye tallan, a shekara ta gaba ma ya dawo da iyalin a Super Bowl. A Oktoban 2020 kamfanin kayan ado na Tanishq a Indiya ya nuna surukuwa Musulma ta shirya wa matar ɗanta, mabiyiyar Hindu mai juna biyu, biki irin na gidan iyayenta don ta faranta mata. Masu tsattsauran ra'ayi suka yi ca, kamfanin ya janye cikin 'yan kwanaki, ya ce har da tsaron ma'aikatansa ya duba. Duka biyun an ce an taɓa al'ada. A duka biyun babu wanda aka wulaƙanta a cikin tallan, abin da ya ɓata wa masu ihun rai shi ne an nuna mutanen da ba sa so su ga suna zaman lafiya. Yawan masu fushi bai isa hujja ba.

Haka kuma kalmar girmama al'ada takan zama mafakar mai son ci gaba da raina mace. A 2012 kamfanin kayan ɗaki na IKEA ya goge hotunan mata daga kundin kayansa da aka raba a Saudiyya, da abin ya fito fili ya nemi afuwa. A 2017 wani tallan motocin Audi da aka yi amfani da su ya nuna uwar ango a Sin ta tsayar da ɗaurin aure tana duba hancin amarya da kunnuwanta da haƙoranta, don a ce mai sayen mota ma ya duba da kyau. Mai kare shi zai ce ai haka surukai suke a can. Sinawa ne da kansu, musamman mata, suka yi tir da shi har aka janye. Ni a wurin aiki tambaya biyu nake yi wa kowane labari kafin ya wuce ni. Wa ake yi wa dariya a nan? Kuma da za a zaunar da shi a kusa da mu a kunna, zai yi dariyar tare da mu, ko sunkuyar da kai zai yi? Tallan Audi ya faɗi a nan, na Tanishq kuwa ya tsallake.

Ƙorafi yana aiki, amma ya danganta da ƙasa. Norway ta sa haramcin tallan da ke ƙasƙantar da jinsi a dokarta tun 1978. Sifaniya ta yi irin haka a dokar 2004 kan cin zarafin mata. A Amurka kariyar 'yancin magana ta sa hukuma ba ta cika shiga ba sai an yi wa mai saye ƙarya, don haka can matsin lambar jama'a da tsoron asara ne ke aiki. Birtaniya ta kafa ƙa'idarta ranar 14 ga Yunin 2019, kuma ba ta hana nuna mace tana share-share ko namiji yana gyaran mota ba. Abin da ta hana shi ne irin a nuna namiji ya miƙe ƙafa, yara suna ɓata gida, mace ita kaɗai tana fama, ko a nuna mutum ya kasa wani abu don kawai shi namiji ne ko ita mace ce. Bayan wata biyu hukumar kula da talla ta ƙasar, wato ASA, ta dakatar da talla biyu. Na cukuwin Philadelphia, inda iyaye maza biyu suka shagala da abinci har jariri ya tafi a kan bel mai zagaya faranti, mutum 128 suka kai ƙararsa. Na motar Volkswagen, wanda ya nuna maza a sararin samaniya da filin wasa, mace kuma zaune a benci kusa da keken jariri, mutum 3 ne kacal. A ganina hukuncin Volkswagen ya ɗan yi tsauri, kuma ba ni kaɗai ke ganin haka ba a cikin masu sana'ar. Amma ya nuna miki hukuma ba ƙidayar kawuna take yi ba, ƙa'ida take dubawa.

Idan za ki kai ƙorafi, ki rubuta sunan hajar, da tashar, da rana, da lokacin da aka nuna shi. Ki bayyana abin da ya faru a cikin hoton dalla-dalla kafin ki faɗi yadda kika ji, sannan ki nuna wa aka ƙasƙantar kuma ta wace hanya. Idan an nuna shi a lokacin da yara ke kallo ki ambata, domin yawancin hukumomi suna ɗaukar wannan da nauyi. Ki aika wa hukumar kula da talla ta ƙasarki, ki aika wa gidan talabijin ɗin, amma kada ki bar kamfanin mai hajar, domin shi ke biyan kuɗin sake nunawa, kuma shi kaɗai ne zai iya tsayar da tallan da waya guda ba tare da jiran hukuncin kowa ba.